Lokacin da Jega take kusa da bakin teku

Idan ka tashi daga Jega ka nufi Aliero ko Maiyama a watan Maris, ba abin da za ka gani sai ƙura da buhunan albasa a bakin hanya. In wani ya ce maka teku ta taɓa zuwa yankin nan, ai dariya za ka yi. To, amma ƙasar da kake takawa tana da shaidar hakan.

Garuruwan nan uku suna cikin wani faffaɗan kwari da masana duwatsu ke kira Kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe har Nijar da Mali. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan gishiri ya sha kwararowa daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya zauna a kwarin nan, sannan ya janye. Uwar ruwan ita ce tsohuwar tekun Tetis, wadda Bahar Rum ta yau ragowarta ce.

Nan ne labarinmu ya haɗu da na Italiya. Fararen duwatsun da ke gaɓar tekun yankin Puliya, a kudu maso gabashin ƙasar, dutsen farar ƙasa ne da ya taru daga ɓawon ƙananan halittu a ƙasan Tetis. Dutsen Kalambaina, kusa da Sakkwato, wanda ake yin siminti da shi tun 1967, shi ma haka ya samu. Masu fasa shi kan ci karo da katantanwar teku da ta zama dutse. Bambancin kawai, su tekunsu na nan, tamu ta tafi.

Wa ya gano wannan? Tun 1925 Franz Nopcsa ya yi rubutu a kan ƙasusuwan da aka tono a lardin Sakkwato. A 1930 William Swinton na Landan ya nuna cewa wasu ƙasusuwan daga lardin na wani ƙaton ƙadangaren teku ne. Daga baya masana daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka samo ƙoƙon kan dabbar a yankin Goronyo, kuma a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ka ga sunan garinmu ya shiga littattafan kimiyya, amma yaro nawa ne a Kebbi ko Sakkwato ya taɓa jin labarin? Ɗan Najeriya Farfesa Cornelius Kogbe ma ya daɗe yana nazarin shimfiɗun duwatsun wannan kwari.

Za ka ce, to ina ruwana da abin da ya wuce? Ruwanka kuwa yana ciki. Bayan teku ta janye, koguna da tafkuna sun jibge rairayi da laka a kan abin da ta bari. Wannan shimfiɗa ita masana ke kira da sunan Gwandu, maƙwabciyar Aliero. Rairayin kan riƙe ruwa kamar soso, lakar kuma ta rufe shi. Shi ya sa a wasu wurare na Birnin Kebbi da Argungu aka haƙa rijiyoyin burtsatse da ruwansu ke fitowa da kansa ba injin. Sai dai irin wannan ruwa na can ƙasa a hankali yake taruwa. In ana zuƙarsa fiye da yadda damina ke mayarwa, ko aka bar famfo yana zuba dare da rana, wata rana rijiya za ta yi ƙasa, kuma mai noman rani ne zai fara ji a jikinsa.

Don haka in ana haƙa rijiya a unguwarku, leƙa ka duba abin da ake fitarwa. In ka ga dutse mai siffar katantanwa, ko haƙori, ko ƙashin da ya yi nauyin dutse, kada ka jefar. Rubuta wurin da zurfin da aka same shi, ka kai wa masana a jami'a mafi kusa da kai, domin a adana shi a gida inda yaranmu za su gani.