Taswirar adireshi: yadda Linux ke iyakance inda na'ura za ta taɓa a ƙwaƙwalwar kwamfuta

Katin sadarwa da katin hotuna da faifan ajiya na zamani ba sa jiran masarrafar kwamfuta ta miƙa musu bayanai ɗaya bayan ɗaya. Da kansu suke shiga ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, su ɗebi abin da aka ajiye musu, su sauke wanda suka kawo. Wannan hanya ana kiranta DMA, kuma ita ce sirrin saurin kwamfutocin yau. Sai dai tana da hatsari a bayyane: na'urar da aka bar ta ta karanta ko'ina a ƙwaƙwalwa za ta iya karanta kalmomin sirri da mabuɗan ɓoye bayanai, ta kuma rubuta a kan umarnin babbar manhaja kanta. Tun a shekarar 2004 masu binciken tsaro suka nuna cewa ana iya kwasar abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta mashigar FireWire ba tare da an san kalmar sirrin mai ita ba.

Maganin da kamfanonin ƙera masarrafa suka kawo shi ne wani sashe da ake kira IOMMU, wanda ke zaune tsakanin na'urori da ƙwaƙwalwa. Intel na kiran nata VT-d, AMD na kiran nata AMD-Vi, a masarrafan ARM kuma sunansa SMMU. Aikinsa ya yi kama da na magatakardan da ke bakin ƙofar sito: ɗan dako ya zo da lamba a hannu, magatakarda ya duba littafinsa, idan lambar na ciki ya nuna masa kusurwar da kayan suke, idan babu ya mayar da shi. Lambar da na'ura ke riƙe da ita adireshi ne na aro, wanda ba shi da ma'ana sai an fassara shi zuwa adireshi na haƙiƙa. Shi kuwa littafin, wato taswirar adireshi, ba IOMMU ke rubuta shi ba. Zuciyar babbar manhaja ce, wadda ake kira kanel, ke rubutawa da sokewa. Saboda haka ƙarfin kariyar ya dogara ne ga ƙa'idojin da kanel ya shimfiɗa wa masu neman taswira.

A Linux, matakin farko na waɗannan ƙa'idoji an yi shi ne domin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kowace na'ura. Direba ba shi da izinin miƙa wa na'ura adireshi da ka. Zai fara sanar da kanel faɗin adireshin da na'urarsa ke iya furtawa, ta umarnin dma_set_mask. Idan zai aika bayanai, sai ya kira dma_map_single, ya faɗi inda bayanan suke da girmansu da kuma alƙiblarsu: daga ƙwaƙwalwa zuwa na'ura ne, ko akasin haka, ko duka biyun. Kanel zai buɗe taswira, ya mayar masa da adireshin da zai ba na'urar. Da aiki ya ƙare, wajibi ne direba ya kira dma_unmap_single a rufe. Tsakanin buɗewa da rufewa, wurin mallakar na'ura ne, masarrafa ba ta taɓa shi sai an daidaita. Wuraren da na'ura da direba ke amfani da su a kullum, kamar jerin ayyukan da ke jiran katin sadarwa, ana keɓe su ne da dma_alloc_coherent.

Amfanin wannan tsari shi ne direba ɗaya na aiki ko akwai IOMMU ko babu. Tsohuwar na'ura mai adireshi na bit 32 ba ta iya ganin abin da ya wuce gigabayit 4. Idan akwai IOMMU, fassara ce kawai. Idan babu, kanel na kwafe bayanan zuwa wani wurin zango da ke ƙasa, mai suna SWIOTLB, wanda girmansa na asali megabayit 64 ne, na'urar ta ɗauka daga can.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurare biyu. Na farko girman shafi. IOMMU na ba da izini ne shafi-shafi, kuma shafi ɗaya yawanci bayit 4096 ne, alhali saƙon da ke ratsa katin sadarwa bai cika wuce bayit 1500 ba. Idan aka buɗe shafin domin saƙo guda, duk abin da ke maƙwabtaka da shi a shafin ya shiga hannun na'urar. Na biyu lokaci. IOMMU na riƙe da ƙaramar ma'ajiyar fassarorin da ya yi kwanan nan, kuma share ta bayan kowace sokewa na cin lokaci. Don haka Linux ya tanadi hanyoyi biyu: mai tsauri, inda ake sharewa nan take, da mai sassauci, inda ake tara sokewa da yawa a share su gaba ɗaya. A ta biyun, akwai ɗan taƙin da na'ura ke iya taɓa wurin da aka riga aka karɓe mata. Akwai ma zaɓi na uku, iommu=pt, wanda ke barin na'urori su wuce ba tare da fassara ba. Masu kula da manyan kwamfutoci kan zaɓe shi saboda sauri.

Cewa waɗannan giɓi ba zancen takarda ba ne ya tabbata a watan Fabrairun 2019, lokacin da masu bincike daga Jami'ar Kambirij da Jami'ar Rice da cibiyar SRI International suka fitar da aikinsu mai suna Thunderclap. Sun ƙera na'urar da ke shigar burtu a matsayin katin sadarwa, suka jona ta ta mashigar Thunderbolt. Sun tarar da cewa yawancin kwamfutocin Windows da na Linux ba su ma kunna IOMMU ba. A macOS, inda yake a kunne, na'urar tasu ta iya karanta bayanan sadarwa kafin a ɓoye su, har ta ƙwace ikon kwamfutar ta hanyar sauya abin da ke cikin shafukan da aka buɗe mata. Ga wanda kwamfutarsa ke iya barin hannunsa na 'yan mintoci, a filin jirgi ko a ɗakin otal, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Microsoft ya shigar da kariya a Windows 10 tun fitowar 1803, amma sai a sababbin kwamfutocin da aka ƙera domin hakan. Linux kuma daga fitowar 5.0 ya fara tilasta IOMMU a kan na'urorin Thunderbolt, ya sanya su a rukunin marasa amana. Daga baya aka ƙara cewa duk bayanan da ba su cika shafi ba a kwafe su zuwa shafi na daban kafin a nuna wa irin waɗannan na'urori.

Mataki na biyu na ƙa'idojin ya shafi manhajojin da ke wajen kanel. Kamfanonin da ke ba da hayar kwamfuta ta intanet suna raba inji ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo da yawa, kuma wani mai haya kan buƙaci a damƙa masa katin hotuna sukutum. Domin haka aka shigar da tsarin VFIO a Linux 3.6 a shekarar 2012, aikin Alex Williamson na kamfanin Red Hat. Manhaja irin QEMU na gaya wa kanel wane yanki na ƙwaƙwalwarta za a nuna wa na'urar da kuma a wane adireshi, kanel ya ƙulle shafukan kada a motsa su, sannan ya rubuta taswirar. Ba a ba da na'ura ita kaɗai sai an tabbatar za a iya raba ta da maƙwabtanta. Na'urorin da ke iya magana da juna ba tare da ratsa IOMMU ba ana haɗa su rukuni guda, kuma ko dai a ba da rukunin duka ko a bar shi. Wannan ne dalilin da ya sa mutum kan so ya keɓe kati ɗaya, kanel ya ƙi.

Da buƙatu suka ƙaru, VFIO ya yi wa aikin kaɗan, domin sarrafa taswira na ɗaure ne a cikinsa, sauran sassan kanel masu buƙatar irin wannan aiki kuma suna kwaikwayonsa daban-daban. A Linux 6.2, wanda ya fito a Fabrairun 2023, aka shigo da iommufd ƙarƙashin jagorancin Jason Gunthorpe na kamfanin NVIDIA. Manhaja na buɗe ƙofa ɗaya mai suna /dev/iommu, ta ƙirƙiri filin adireshi, ta zuba taswira a ciki, sannan ta ɗaura na'urori a kansa. An gina shi ne domin ya ɗauki fassara mai hawa biyu, inda kwamfutar kwaikwayo ke riƙe da tata taswirar, babbar kwamfutar kuma na riƙe da wadda ke ƙarƙashinta. An kuma ƙara masa ikon lura da shafukan da na'ura ta rubuta a kansu, abin da ake buƙata idan za a ƙaurar da kwamfutar kwaikwayo daga wani inji zuwa wani tana tsaka da aiki. Tsohuwar hanyar VFIO tana nan ba a cire ta ba, saboda yawan manhajojin da suka dogara da ita.