Kulle a Bakin Jijiya

Mutumin da ƙodarsa ta daina aiki yakan je asibiti sau 3 a mako a wanke masa jini, kowane zuwa kimanin awa 4. Watau awa 12 ke nan cikin awa 168 na mako. Idan kuwa ta bututun roba da aka dasa masa a jijiyar wuya ake jan jinin, to, sauran awa 156 bututun nan zaune yake kawai, baki ɗaya a waje, ɗaya kuma a ƙofar zuciya. Me za a zuba a cikinsa a wannan lokaci don kada ya zama ajalin mai shi? Likitoci sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma wani babban sashe na amsarta daga Faransa ya fito.

A shekarar 1945 ne Willem Kolff na ƙasar Holan ya fara ceton rai da na'urar wankin jini. Cikin shekarun 1950 asibitin Necker na birnin Paris, a ƙarƙashin Jean Hamburger da mataimakinsa Gabriel Richet, ya shahara wajen aiki da irin wannan na'ura. Amma a lokacin, duk sa'ad da za a yi wanki sai an tsaga fata an buɗe jijiya, in an gama a ɗaure ta, ta tashi daga aiki ke nan. Jijiyoyin mutum kuwa ƙidayayyu ne. Saboda haka sai wanda ake sa ran ƙodarsa za ta farfaɗo cikin 'yan kwanaki ake iya taimaka wa.

A 1960 Belding Scribner na birnin Seattle a Amurka ya fito da ɗan bututun da ake bari a hannun majiyyaci dindindin. Jules Traeger na asibitin Antiquaille a Lyon yana cikin na farko a Turai da suka ɗauki wannan hanya, tun farkon shekarun 1960, har Lyon ta zama makarantar wankin ƙoda na tsawon rai. Sai dai bututun yana toshewa da gudan jini, bakinsa kuma yana ruwa. A 1966 wasu likitocin New York, Cimino da Brescia da abokan aikinsu, suka gano cewa in aka haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a wuyan hannu, ta biyun takan yi kauri har a riƙa soka mata allura, ba tare da an bar wani baƙon abu a jiki ba. Har yau ba a sami abin da ya fi wannan ba. Turai ta riƙe shi da kyau: wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna kashi 80 cikin 100 na masu wankin ƙoda a Turai da shi suke amfani, a Amurka kuwa kashi 24.

To, amma haɗaɗɗiyar jijiya sai ta yi makonni kafin ta nuna, wanda aka kawo asibiti rai a hannun Allah kuwa ba ya jira. Tsofaffi da masu ciwon sukari ma sau da yawa jijiyoyinsu ba sa yarda. Dole aka koma ga bututun da ake zurawa cikin manyan jijiyoyi. Wani likita Bafaranshe, Robert Aubaniac, shi ya bayyana hanyar shiga jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya a 1952, Stanley Shaldon kuma ya yi wankin jini ta jijiyar matsematsi a Landan a 1961.

Da farko damuwar likitoci ɗaya ce, kada jini ya daskare a ciki. Sai suka riƙa cika bututun da hefarin, maganin hana jini daskarewa, bayan kowane wanki, su rufe bakinsa. Wannan shi ake kira kulle. Hefarin kuwa ba ruwansa da ƙwayoyin cuta. Su kuma, da zarar sun shiga daga fata ko daga hannun ma'aikaci, sai su manne a bangon bututun, su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kama da gansakukar da ke kama cikin randa. Maganin da aka ɗura wa majiyyaci a jini wucewa yake yi ta kansu. Ranar wanki na'ura ta tura jini da ƙarfi, ta ɓamɓaro su zuwa zuciya, sai a ga mutum ya kama rawar ɗari a kan gado. Magani shi ne a cire bututun a nemi wata jijiya, in akwai saura.

Dabarar da ta sauya wannan ba daga ɗakin masu ciwon ƙoda ta fito ba. A asibitin Saint-Lazare na Paris akwai likitan hanji mai suna Bernard Messing, wanda ke kula da mutanen da hanjinsu ya kasa, ake ciyar da su ta jijiya a gidajensu. Su ma rayuwarsu a kan bututu take. A 1988 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji: maimakon a cire bututun da ya kamu, sai a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai kauri ƙwarai, daidai cikinsa kawai, a kulle na kimanin awa 12 kowace rana. Hikimar a fili take. Cikin bututun bai wuce mililita 2 ba, ƙasa da rabin ƙaramin cokalin shayi, saboda haka ana iya kaurara maganin fiye da abin da jiki zai iya ɗauka, a bar shi ya jiƙa yauƙin nan. Galibin bututun da aka yi wa haka sun tsira.

Messing warkarwa ya nufa. Likitocin ƙoda suka ce, tun da dai ana kulle bututu sau 3 a mako, me zai hana a sa maganin tun kafin cuta ta shiga? Aka gwada jantamaisin, cutar jini ta ragu sosai. Sai dai kulle ba ya riƙewa sarai, kullum wani abu yakan tsiyaya cikin jini, jantamaisin kuwa yana iya taɓa kunne. Mafi muni, a 2010 wasu cibiyoyi a Amurka suka ba da rahoton ƙwayoyin da suka daina jin maganin. Aka juya ga sitiret, gishirin sinadarin tsamin lemo, wanda ke hana jini daskarewa, in ya yi kauri kuma ya kashe ƙwayoyin cuta. A 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan mai kaurin kashi 46.7 bayan zuciyar wani majiyyaci ta tsaya, ya rasu. Mai kashi 4 ne ya fi samun karɓuwa daga baya, ko da yake ƙarfinsa a kan ƙwayoyin cuta kaɗan ne.

Faransawa suka gwada sifirit. Bertrand Souweine na Clermont-Ferrand ya jagoranci gwaji a ɗakunan jinya ta musamman guda 16, a kan mutum 1,460, inda aka riƙa kulle bututu da sifirit mai kashi 60 na minti 2. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna bai rage kome ba. Abin yabo ne da suka buga shi yadda yake, don ya hutar da asibitoci da yawa. Wanda ya ci jarrabawa shi ne torolidin, da aka daɗe ana amfani da shi a Turai. Da aka gauraya shi da hefarin a wani babban gwaji a Amurka, cutar jini ta ragu da kashi 71 cikin 100, hukuma kuma ta amince da shi a watan Nuwamba na 2023.

A Kano, Maiduguri ko Yamai, yawancin masu ciwon ƙoda sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti, da bututu a wuya ko a matsematsi suke fara wanki, iyali kuma sukan sha wahalar kuɗin kowane zama. Hefarin ne kullen da aka fi samu, don shi ne mai araha. Inda abin yake haka, rigakafin ya rataya ne a kan wanke hannu, da goge bakin bututu kafin a buɗe shi, da yin hanzarin haɗa jijiya don a cire bututun tun da wuri.