Shari'ar Chabot: Ranar da Holan Ta Auna Ciwon Zuciya

A watan Satumba na 1991, wani likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Holan, Boudewijn Chabot, ya taimaka wa wata mata mai shekara 50 ta kawo ƙarshen rayuwarta. Jikinta lafiya lau yake. Abin da ke cin ta baƙin ciki ne: ɗanta na fari ya kashe kansa a 1986, na biyun kuma ciwon daji ya ɗauke shi a 1991. Ta ƙi magani, ta ce ba ta da sauran abin jira a duniya.

Chabot ya nemi shawarar ƙwararru bakwai, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya gana da ita. A nan Kotun Ƙoli ta kama shi a watan Yuni na 1994: ta same shi da laifi, sai dai ba ta yanke masa wani horo ba. Hukuncin ya kafa ƙa'ida mai nauyi, cewa azabar rai tana iya zama hujja kamar azabar jiki, muddin wani likita mai zaman kansa ya duba majinyacin ido da ido.

Dokar da ta halatta kisan jinƙai, wadda ta fara aiki a 2002, ta gaji wannan ƙa'ida. Ta shardanta cewa roƙon ya fito daga son ran majinyaci bayan dogon tunani, kuma azabar ta fi ƙarfin haƙuri ba tare da alamar sauƙi ba. A 2023 mutum 138 ne suka mutu ta wannan hanya saboda larurar ƙwaƙwalwa, daga cikin 9,068.

Sharaɗi na biyun nan ne tushen gardama. Likitan ciwon daji yana da hoto da gwajin jini da za su nuna masa cewa cuta ta gagara. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa bakin majinyaci yake saurare, alhali yanke ƙauna na daga cikin alamomin ciwon damuwa. Masu goyon bayan dokar suna ganin zalunci ne a raina azabar da ido ba ya gani. Masu suka suna tambaya ko an tabbatar cuta ta gagara a wurin wanda ya ƙi magani.

A 2017 Chabot kansa ya rubuta a jaridar NRC Handelsblad cewa shingayen dokar suna sassautawa, musamman ga masu larurar ƙwaƙwalwa da masu cutar mantuwa. Kanada kuma ta ɗage irin wannan izini zuwa Maris na 2027.