Kasafin Kuɗi na 1986 da Kason Talaka: Waiwaye Daga Gwagwalada

1.0 Gabatarwa

A ranar 31 ga Disamba, 1985, Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya karanta wa 'yan Nijeriya kasafin kuɗin shekarar 1986. Kasafin ya zo da wani alkawari wanda gwamnatocin da suka biyo baya suka yi ta maimaitawa, wato za a janye tallafin man fetur, sa'an nan a mayar wa talaka da kuɗin ta hanyar ayyukan raya ƙasa. Wannan maƙala za ta bi diddigin alkawarin da muhawarar da ya haifar, tare da ɗaukar yankin Gwagwalada da ke Birnin Tarayya a matsayin ma'auni. Abin da take son nunawa shi ne, abin da kasafi ya karɓe daga hannun talaka nan take yake fita, shi kuwa abin da ya yi alkawarin mayarwa sai ya ratsa ta hannun hukumomi, waɗanda sau da yawa kan mutu kafin alkawarin ya cika.

2.0 Kasafi a Kunnen Bahaushe

A Hausa, kasafta abu shi ne rarraba shi kashi-kashi domin kowa ya sami nasa. Saboda haka idan Bahaushe ya ji "kasafin kuɗi" a rediyo, tambayar da za ta fara zo masa ita ce, ina kasonsa? Tarihi kuwa ya koya masa cewa ta fuskar karɓa ya fi sanin hukuma. Tun zamanin baitulmali, wanda Turawa suka fara gwadawa a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, abin da talaka ya sani shi ne haraji da jangali. Wannan ne ya sa soke haraji da jangali da gwamnatocin jam'iyyar PRP suka yi a jihohin Kano da Kaduna a 1979, ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa, ya zauna a zukatan jama'a fiye da manyan ayyuka da dama, domin sauƙi ne da kowa ya taɓa da hannunsa. Da irin wannan mudu talaka ya auna kasafin 1986.

3.0 Abin da Kasafin ya Ƙunsa

Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta, 1985, ya tarar da bashi ya yi wa ƙasa katutu, kuɗin mai kuma ya ja baya. Sai ya buɗe muhawara a kan ko Nijeriya ta karɓi rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da malaman jami'a suka ƙi, gwamnati kuma ta ba da sanarwar watsi da rancen a watan Disamba. Amma kasafin da ya biyo baya ya ɗauko da yawa daga sharuɗɗan Asusun. An rage tallafin mai da kashi 80 cikin 100, litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5, aka kuma ɗora harajin kashi 30 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su. A madadin haka aka kafa Hukumar Samar da Abinci da Hanyoyi da Raya Karkara, wadda aka fi sani da DFRRI, ƙarƙashin Larry Koinyan, domin ta gina hanyoyin karkara da rijiyoyin burtsatse, ta kuma kai lantarki ƙauyuka.

Daga nan sai shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya soma aiki a watan Yuli, 1986. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje. Dalar Amurka wadda ba ta kai Naira 1 ba a 1985 ta haura Naira 4, kafin 1993 ta ƙare kuwa ta kai wajen Naira 22. Haka kuma an rushe hukumomin sayen amfanin gona, an kuma hana shigo da shinkafa da masara da alkama.

4.0 Ɓangarorin Muhawara

Masu goyon bayan kasafin sun kafa hujja da cewa tallafin mai masu motoci na birane da 'yan fasa-ƙwauri ne ke cin moriyarsa, alhali mafi yawan talakawa manoma ne a karkara. A ganinsu, rushe hukumomin sayen amfanin gona da hana shigo da hatsi sun ba manomi damar sayar da abin da ya noma da daraja. Sukan kuma kawo alƙaluman Ofishin Ƙididdiga na Tarayya, waɗanda suka nuna talauci ya sauka daga kimanin kashi 46 cikin 100 a 1985 zuwa kimanin kashi 43 a 1992.

Su kuwa masu suka cewa suka yi ƙaramin manomi mai saye ne kafin ya zama mai sayarwa. Yakan sayar da hatsi da kaka lokacin da yake arha, ya dawo ya saya da bazara lokacin da ya yi tsada, ga taki da magani da kuɗin mota duk sun bi Dala sun tashi. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi kuwa babu abin da zai sayar. Wannan ƙorafi ya fito kan tituna a watan Afrilu, 1988, lokacin da ƙarin da ya kai litar fetur kwabo 42 ya ta da tarzoma daga Jos, sa'an nan a watan Mayu, 1989, aka yi babbar zanga-zangar ƙin SAP. Bayanta ne aka buɗe Bankin Jama'a a watan Oktoba, 1989, da Tai Solarin a matsayin shugaba. Alƙaluman ofishin nan dai sun nuna talauci ya haura kashi 65 cikin 100 a 1996. Ke nan kowane ɓangare yana da alƙaluman da zai riƙe, gwargwadon shekarar da ya zaɓa ya tsaya.

5.0 Gwagwalada a Matsayin Ma'auni

Gwagwalada wuri ne da ya dace da gwajin waɗannan hujjoji, domin tana zaune a gindin aikin da ya ci kuɗin tarayya masu ɗimbin yawa, wato ginin Abuja, wanda dokar soja ta 6 ta 1976 ta assasa, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Babu musu garin ya sami kaso. Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988 a nan ta fara karatu a 1990. Asibitin ƙwararru na garin shi ne ya zama asibitin koyarwa na jami'ar a 2006. Waɗannan sun kawo ma'aikata da ciniki da kuɗin haya, har ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 150,000.

Sai dai idan aka duba su wane ne suka cika garin, za a ga ɗayar fuskar. Da yawa ƙananan ma'aikata ne da 'yan ƙwadago da tsadar haya ta hana su zama cikin birni, ga kuma waɗanda rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya koro. Mutumin da ke yin tafiyar kilomita hamsin ko fiye kullum zuwa wurin aiki, washegarin ƙarin kuɗin mai yake jin sa a tasha. Haka manomin doya na Paiko ko Dobi ko Ibwa yake jin sa a kuɗin dakon kayansa zuwa kasuwa. Ga kuma abin da kasafi ya yi alkawari: an ba da kwangilar mayar da hanyar Abuja zuwa Lokoja, wadda ta ratsa Gwagwalada, tagwaye tun 2006, amma aikin ya yi ta bayyana cikin kasafi shekara bayan shekara, ya haura shekaru goma sha biyar ba a kammala shi ba. Kuɗin mota bai taɓa yin irin wannan jinkiri ba.

6.0 Maimaituwar Alkawari

Bayan saukar Babangida a 1993 an narkar da DFRRI cikin ma'aikata, a 2000 kuma aka haɗe Bankin Jama'a da bankin manoma. A 1994 Janar Sani Abacha ya ɗaga lita daga Naira 3.25 zuwa Naira 11, ya kafa asusun rarar mai na PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari. Asusun ya gyara hanyoyi, ya kai magunguna asibitoci, amma aka rushe shi a 1999. A watan Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga Naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka sauko 97, aka kafa shirin SURE-P wanda bai wuce 2015 ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 a Abuja. Hukumomin rage raɗaɗi na baya duk sun shuɗe, farashi kuwa bai koma inda ya fito ba.

7.0 Kammalawa

Wannan waiwaye ya nuna cewa kasafin gwamnatin tarayya yana iya amfanar talaka, jami'a da asibitin Gwagwalada shaida ne. Amma ya kuma nuna rashin daidaito tsakanin karɓa da mayarwa, ta fuskar lokaci da tabbas. Hausawa na cewa kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Haka talaka yake da mudun awonsa tun kafin a fara karanta kasafi a rediyo. Ga masana harshe kuma akwai aiki a nan. Da Turanci ake rubuta kasafi, fassarar da ke isa ga mai sauraro kuwa ba ta cika wuce jimillar biliyoyi da kalmomi irin su "tsuke bakin aljihu" da "rage raɗaɗi" ba. Ya kamata a samar da fassara mai bambance kuɗin da aka ware da wanda aka saki da wanda aka kashe, domin mutumin Dobi ya iya bin sawun kasonsa tun daga takarda har zuwa bakin rijiya.