Ribaɗoɗin Sarkin Musulmi Bello da Kufansu a Gabashin Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, mai ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno yana ratsa ƙasar da kusan kowane tudu nata yake da labari. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, gabashin Sakkwato ya zama bakin daga. Saboda haka Bello, Allah Ya yarda da shi, ya riƙa kafa ribaɗoɗi, wato garuruwa masu ganuwa inda jama'a ke tsaron iyaka suna noma suna karatu. Ya zaunar da Fulani makiyaya, ya ba su gonaki da malamai, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kan garuruwan.

Wasu sun rayu har yau, kamar Raba da Gandi da Shinaka ta ƙasar Goronyo. Daga Raba ne ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya hau gadon sarauta a 1873, a can kuma aka haifi jikan Atikun, Sardauna Ahmadu Bello. Wasu kuwa haskensu ya dushe. A Magariya Baturen nan Clapperton ya zauna tare da Bello a 1826, amma da Wurno ta kafu sai martaba ta koma can. A Wurno Bello ya rasu a 1837, shekara guda bayan nasarar Gawakuke. Alƙalawa kanta kufai ce a yau.

Tashin gari bai ƙare da zamanin jihadi ba. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ambaliyar 2010 ta ci ƙauyuka a kwarin Rima, harin 'yan bindiga na 2018 kuma ya kori mutanen Tabanni zuwa Gandi.

Idan gari ya tashi, maƙabartarsa da masallacinsa da salsalar malamansa ne kan fara ɓata. Ya kamata kowace zawiya ta zauna da dattawanta, ta rubuta sunayen kufai da na malaman da suka karantar a cikinsu, tun ana da masu faɗa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu lafiya. Amin.