Zomo da Waya: Tarihin Baƙi Biyu a Damagaram

Wanda ya ratsa lungunan Kara-Kara da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta sassauta, yara suka dawo daga lakwal da makarantar allo, yakan ci karo da yaro tsugune gaban ɗan keji na katako da ragar waya, yana tura wa zomayensa harawa ko ganyen salati da ya roƙo wurin masu garka. Da kuwa za a tambaye shi tun yaushe ake wannan kiwo a garinsu, da ya ce tun kaka da kakanni, alhali zomon da ke cikin kejin da wayar da ta tsare shi duka baƙi ne, zuwansu bai riga zuwan Nasara ba. Dalilin wannan rubutu shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya zo mini da wata naɗaɗɗiyar waya ta wasan yara, irin wadda ke miƙewa ta koma, ya ce, "Kawu, in saka wa zomayena wannan su riƙa wasa?" Na ce masa ya dakata, domin mas'alar tana da asali, kuma wanda bai san mafarin abu ba hukuncinsa a kansa yakan zo da rauni.

Zomon da magabatanmu suka sani na daji ne, mai dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafun baya, wanda ba ya haƙa rami, sai dai ya lafe gindin sabara ko cikin yayi har mafarauci ya kusa taka shi. Bayan an kawar da amfanin gona samari kan fita da karnuka da kere da gora, kuma daga wannan farauta harshenmu ya tara hikimomin da ya tara: aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, aka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, aka ce shi ba bawan giwa ba ne, dajinsu ɗaya. A cikin waɗannan duka babu wadda ta ambaci keji ko akurki, domin dabba ce da ba ta karɓar ɗauri, ana haihuwar ɗanta da gashinsa, idonsa buɗe, ba a jima ba ya kama gabansa. Malamai kuwa ba su sha wahala a kan hukuncinsa ba, tun da ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da cinyarsa, ya kuwa karɓa. Saboda haka halal ne a mazhabar Imamu Malik da sauran mazhabobi uku.

Zomon gida wata halitta ce dabam, ko da yake suna ya haɗa su. Asalinsa ƙasar Andalus da kudancin Faransa, inda yake zama jama'a jama'a cikin ramuka, uwa ta ɗauki ciki kwana 31 ko kusa da haka, ta haifi ƴaƴa tsirara, makafi, cikin sheƙar da ta shimfiɗa da gashin ƙirjinta. Rumawa sun tsare shi cikin garkuna masu katanga tun kafin haihuwar Annabi Isa, Turawan zamanin tsakiya suka ci gaba da kiwonsa domin nama da fata, sa'an nan a ƙarni na 19 mutanen Ingila suka mai da shi abin sha'awa da gasar kyau. Masu mulki da ƴan mishan ne suka shigo da shi Afirka ta Yamma, Faransawa kuwa dama mutane ne masu son namansa. Bai yaɗu sosai ba sai da yunwa ta koya wa hukumomi darajar ƙaramar dabba mai saurin haihuwa: a 1972 gwamnatin Ghana ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa baki ɗaya, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta sa shi cikin ayyukanta, kuma bayan farin 1973 da na 1984, da garkunan shanu suka ƙare a idon masu su, mutane da yawa suka gane cewa abin da ke rayuwa da dusa da ganye ba abin rainawa ba ne.

Ita ma waya tana da nata labarin. Damagaram ba baƙuwar ƙarfe ba ce, domin a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, maƙeran garin har igwa suke zubawa, ayarin Tarabulus kuma yana sauka a Zango da hajar arewa ya koma da fatu da gashin jimina. Amma ƙarfe a wancan zamani abu ne mai daraja, na fartanya da takobi da linzami, ba wanda zai bar wa yaro shi ya yi wasa. Yaro da kara yake wasa: ya fere ɓawon karan dawa, ya tsira shi cikin totuwa, ya ƙera abin da ransa ke so, ko ya gina doki da raƙumi da yumɓu. Da Faransawa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka mai da shi hedikwatar ƙasar har 1926, sai aka ja wayar tangaraho bisa turaku, har kalmar ta zauna cikin harshenmu, muna cewa an buga waya ko da babu zare ko ɗaya tsakanin masu magana. Daga nan waya ta yi arha, langa-langa da gwangwani suka cika juji, motar kara ta ba motar waya wuri.

Ba na iya ambaton wannan ba tare da na tsaya a kan Kara-Kara kanta ba. Unguwa ce da aka ware domin kutare da waɗanda gari ya ƙyamata, kuma ko da yake kuturta yau cuta ce mai magani, wanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995, tabon sunan bai gushe daga jikokinsu ba, kamar yadda Aisha Macky ta nuna cikin fim ɗinta na 2021. Yaron da ya tashi inda ba a saya masa kome, shi ne ya fi kowa sanin amfanin abin da aka yar. Da hannunsa yake haɗa keji daga ɓallen akwati da guntun raga, kuma zomanya ɗaya takan zame masa jari, da kuɗin littafi, da abokiyar hira. Irin wannan yaro bai cancanci a yi masa dariya ba idan ya so ya faranta wa dabbarsa. Ya cancanci a gaya masa gaskiya.

Naɗaɗɗiyar wayar da ɗan ƙanwata ya kawo, wani injiniyan jiragen ruwa na Amurka mai suna Richard James ya ƙago ta a 1943, aka fara sayar da ita a Filadalfiya a 1945 da sunan Slinky, kuma domin hannun ɗan Adam aka yi ta. Zomo kuwa ba shi da hannu, da haƙori yake binciken duniya. Haƙoransa 28 ba su daina tsiro har ya mutu, shi ya sa Allah ya ɗabi'antar da shi ga gwaguyar duk abin da ya samu. Idan ya gwagwiyi ƙarfe haƙori na iya karyewa ko bakin waya ya yanke masa dasashi, idan ta roba ce sai ya gutsure ta ya haɗiye, ga shi kuwa dabba ce da ba ta iya amai, abin da ya shiga ba shi da hanyar komowa, hanji ya toshe, ya daina ci, kuma zomon da ya yini ya kwana bai ci ba yana bakin halaka. Mafi muni shi ne zoben wayar, wanda ke buɗewa ya karɓi ƙafa ko wuya sa'an nan ya tsuke. Zomo matsoraci ne, ƙashinsa bai kai kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, alhali ƙafafun bayansa na da ƙarfi ƙwarai, saboda haka idan ya ji an riƙe shi yakan yi harbi har ya karya gadon bayansa da kansa. Na ga haka da idona ina yaro, a kan wani sifirin na tsohon gado da muka bari kusa da keji, kuma ban manta yadda ƙafafun suka bi ƙasa ba. Ko ragar da ake shimfiɗa masa a ƙasa tana cin tafinsa, domin gashi kaɗai ke gare shi a nan, ba tsoka irin ta kare ko kyanwa.

Shari'a ba ta hana yaro kiwon sha'awa ba, malamai sun kafa hujja da ɗan tsuntsun Abu Umair, ƙanen Anas, wanda Manzon Allah ya tambaye shi labarinsa cikin raha. Amma ita ce kuma ta ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauki amanar duk abin da ke ciki, har abin wasan da ya jefa. Na ce wa yaron ya riƙe wayarsa domin kansa, ya nemo busasshen karan gero, da tsohon faifan kaba, da harawa mai yawa, ya shimfiɗa katako a gefe guda na ragar, ya kuma roƙi tsohuwar randa wurin gyatumarsa ya kwantar a inuwa, domin zafin Afrilu na Damagaram ya fi ƙarfin dabbar da aka halitta don sanyin rami. Washegari na tarar zomanyar ta shige randar ta miƙe ƙafa, ƴaƴanta biyu kuma sun sa karan a gaba suna fere shi.