Yadda Aka Kawar Da Agana

Duk wanda ya zauna cikin dattawa a Balan, ko a wani gari na ƙasar Gaya da Ajingi, in ya lura zai ga waɗansu da zanzana a fuska, waɗansu kuwa da tabon lamba a damtse. Waɗannan alamu biyu su ne ragowar wani yaƙi da aka yi a ƙasarmu ba da bindiga ba. Yaran yanzu ba su san abokin gābar ba sam, don haka ya kamata mu ba da labarinsa.

Sunan cutar agana. Waɗansu kan ce mata ado, waɗansu kuwa 'yan rani, domin da rani ta fi yaɗuwa, lokacin da mutane ke yawon fatauci da cin rani. Takan fara da zazzaɓi da ciwon baya kamar kwana 12 bayan ta shiga jiki, sa'an nan ƙuraje su feso, su yi ruwa. Inda ta yi tsanani takan kashe kusan uku cikin goma, ƙananan yara kuwa su ta fi ɗauka. Wanda ya tashi yakan tashi da zanzana, wani ma da makanta. Ta numfashi a ke ɗaukarta, da kuma tufafi da shimfiɗar majiyyaci.

Kada mai karatu ya zaci dabarar rigakafi ta Turawa ce kaɗai. Tun da daɗewa mutanen Afirka sun san in an ɗebi ruwan ƙurjin mai agana an tsaga wa mai lafiya, yakan yi 'yar cuta ya warke, ba ta sāke kama shi. Wani bawa baƙar fata da a ke kira Onesimus shi ya bayyana wa ubangijinsa wannan a birnin Boston na Amurka, aka yi aiki da ita a annobar 1721. Amma dabarar tana da haɗari, domin wanda aka tsaga wa yana iya mutuwa, yana kuma iya shafa wa wani. A 1796 wani likita a Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ruwan ƙurjin wata cutar shanu mai sauƙi yana tsare mutum daga agana. Asalin lamba ke nan.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali aikin lamba ya shiga hannun En'e. Masu lamba da duba-gari suka riƙa bin kasuwanni da ƙauyuka. Duk da haka cutar ba ta gushe ba, saboda dalili biyu. Na farko, maganin wancan zamani ba ya jure zafi, sau da yawa kafin ya isa ƙauye ya lalace, a yi wa mutum lamba ba ta kama ba. Na biyu, tsoro. Da an ji masu lamba sun iso sai a ɓoye yara, mai ciwo kuwa a rufe shi a ƙuryar ɗaki don kada a raba shi da danginsa. Ɓoyon nan shi ya riƙa ciyar da cutar.

A cikin shekarun 1950 aka gano yadda za a busar da maganin ya jure zafi. A 1967 kuwa aka ɗaura babban yaƙi a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Aka zo da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda a ke takawa da ƙafa, tana harba magani cikin fata ba allura. Cikin 'yan shekaru aka yi wa mutum fiye da miliyan 100.

Amma dabarar da ta karya lagon cutar a Nijeriya aka gano ta. A watan Disamba 1966 agana ta ɓulla a ƙasar Ogoja, magani kuwa ya yi ƙaranci. Sai wani likita, William Foege, ya sa aka nemo duk gidan da ke da mai ciwo, aka keɓe shi, aka yi lamba ga mutanen gidan, da maƙwabta, da 'yan kasuwar da su ke ci. Annobar ta mutu tun ba a yi wa kowa da kowa ba. Dalili kuwa, agana ba ta da mazauni sai jikin ɗan Adam. In ta rasa wanda za ta faɗa wa, shi ke nan. Watau maganin bai da amfani sai an san inda cutar ta ke. Nan ne aikin mai unguwa da dagaci da hakimi ya ke, da na uwar da ta yarda ta ce, ga shi a ɗakina. Wannan kuwa bai saɓa wa koyarwar Musulunci ba, wadda ta hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa.

A watan Mayu 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a nan Nijeriya. A watan Oktoba 1977 aka sami na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a, a garin Marka na ƙasar Somaliya, ya kuwa warke. Ran 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa agana ta ƙare a duniya.

Tarihi ya sāke gwada mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka koma a 2004, sarakuna da malamai suka shige gaba, sai bayan wasu shekaru ta ja da baya. A Sumaila aka ga na ƙarshe mai asalin ƙwayar cutar ta daji a Jihar Kano, a 2014.

To, jama'a, ƙyanda tana nan, mashaƙo kuma ya yi wa Kano ɓarna a 2023, alhali dukkansu suna da rigakafi. In yaro ya yi zazzaɓi da ƙuraje, ko maƙogwaro ya kumbura, a raba shi da 'yan'uwansa, a wanke hannu da sabulu, a kai shi asibiti tun da wuri, a kuma gaya wa mai unguwa. Iyayenmu sun yi nasu. Allah ya ba mu ikon yin namu, amin.